Ranar da Sarkin Fawa ya leƙa ruwan rijiyarmu

Jiya ina kallon jikata tana dafa ruwan sha, sai na tuna Agege, shekarar da kwalara ta shigo Ikko.

Malamar asibiti ta yi ta roƙon mu mahauta mu riƙa dafa ruwa. Sarkin Fawa ya ƙi. Wai ruwan da bai sauya launi, ɗanɗano ko wari ba, mai tsarki ne.

Ta dawo da madubin ganin ƙwayoyin cuta, ta ɗiga ruwan rijiyarmu a ƙarƙashinsa.

"Baba, leƙa."

Ya daɗe yana leƙe. "'Yar nan, su wa ke iyo a ciki?"

"Baƙinka ne, Baba. Kullum kana haɗiye su."

Ranar ya sa kowane gida ya ɗora tukunya. Har annobar ta wuce, layinmu bai fitar da gawa ba.

Ku a gidanku, wa ke cewa sai ya gani da idonsa?