Allurar da Ba Ta Taɓa Shiga Ba

Ko na manta komai na zamana a Jidda, ba zan manta ranar da wata likita ta nuna mini abin da aka yi ta soka mini a baya ba.

Lokacin muna zaune a unguwar Bani Malik, ina tuyar waina, kullum a duƙe gaban tanda. Ciwon baya ya ci ƙarfina, har salla a zaune nake yi. Sai aka ce wani asibiti na gwajin allurar 'yan Sin ga masu iƙama, wato takardar izinin zama. Na tafi da 'yata, don ita ce mai Larabci. Likitar ta yi dogon bayani, yarinyar ta fara juya mini: "Umma, wai kashi biyu za a raba ku, wasu za a..." Na katse ta. "Ke, yalla, ce mata ta soka kawai, ban zo jin wa'azi ba." Haka nake a lokacin. Ban shiga aji ba tukuna, kuma na tsani a ga kamar ban gane ba.

Akan kwantar da ni rub da ciki, in ji tsik, tsik a ƙugu, sannan a bar ni shiru a ɗaki mai sanyi. Ba a daɗe ba na koma yin ruku'u. Wallahi na samu sauƙi.

Sai bakina ya ƙi zama. A unguwar an san ni da abu ɗaya, ba na faɗin abin da ban gani ba. Ko rigima aka yi ni ake kira shaida. To duk inda mata suka taru shan shayi bayan la'asar, ni ce mai bayani. Ina auna tsawon allurar da yatsa, ina cewa har ƙashi nake jin ta. Wadda na fi addaba aminiyata ce, wata Bahaushiyar Sudan da ake yi wa ƙaho saboda nata bayan. "Hajiya, daina zubar da jininki a banza, zo ki ga aikin ilimi."

Da gwajin ya ƙare aka kira mu, na ja aminiyar tawa muka tafi tare da 'yata, wai in sa baki a soka mata irin tawa. Likitar ta yi murmushi, ta ɗauko wani abu kamar tsinken sakace a cikin ɗan bututu. 'Yata ta sunkuyar da kai.

"Umma, wai ke kina kashi na biyu, waɗanda ba a yi wa allurar gaske. Wannan ake danna miki. Bai taɓa huda fatarki ba."

Na buga tebur. "Ƙarya ne! Bayana ne ko nata?"

"Tun ranar farko ta faɗa, Umma. Kika ce yalla."

Likitar ta ƙara da cewa sauƙin da na samu na gaske ne, amma kunnena ya riga ya toshe.

Muka fito, ni da aminiyata, muka shiga mota. Ta dube ni a hankali. "Har ƙashi, ko?" Ta yi dariya har da hawaye. Ni da ban taɓa roƙon kowa ba, na kama hannunta na ce, "Hajiya, don Allah ki rufa mini asiri."

Ta rufa. Amma duk walimar da muka haɗu, da an gama cin nama sai ta miƙo mini tsinke a gaban mata, fuska a ɗaure: "Daktora, ga kayan aikinki." Ba wanda ya san dalilin da nake yin tsit.

Sai daga baya na lura cewa tun zuwana Jidda, a ɗakin asibitin nan ne kaɗai na taɓa kwanciya da rana ba mai kiran sunana. Ko shi ya warkar da ni, Allah masani. Abin da na koya dai, in ana bayani in rufe baki har a kai ƙarshe, kuma abin da aka yi a bayana, ko a jikina ne, ba na rantsuwa a kansa.