Illo Masunci da Ciwon Daji

Illo masunci ne a tafkin Madarumfa, kamar ubansa. Da gora yake su: ya kwanta ruf da ciki bisa ƙaton gora, yana tura ruwa da ƙafafu, komarsa a hannu. Tun yana saurayi ƙayar kifi ta soke shi a ƙwauri, wurin ya zama gyambo. Ya daɗe yana ɗaure shi da tsumma yana aikinsa, har ya auri Dije, suka hayayyafa.

Bayan yaƙin Turawa na biyu gyambon ya sake kama. Bakinsa ya yi tauri, nama ya tsiro a tsakiya, ga wari. Wanzamin gari ya duba, ya mayar da askarsa cikin zabira, ya ce, "Illo, wannan daji ne. Ba na taɓa shi."

Illo ya san mutum biyu da dajin ya kama, kuma shi da kansa ya bi gawarsu. Musa, yayan Dije, ya ɗora shi a jaki suka tafi gidan likita a Maradi. Can wani likita Bature ya yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Ranar sallama, ma'aikacin da ke yi masu tafinta ya ce, "Likita ya ce ciwon yana iya dawowa. In ka ji kaluluwa a matsematsinka, ka zo maza, kada ka tsaya."

Da dungun ya warke, masassaƙi ya yi masa ƙafar itace. Illo ya ɗingisa har bakin tafki, ya sami Mamman, sarkin ruwa, ya gaishe shi, ya ce yana son komawa su.

Mamman ya kalli ƙafar, ya kau da ido. "Ka zauna ka riƙa gyara mana koma, Illo. In ruwa ya ci ka, me zan ce wa Dije?"

Ya zauna gindin tsamiya yana ɗinkin koma. Abokansa sukan ajiye masa aiki daga nesa. In an kawo fura, sai a zuba masa tasa daban, domin wasu na cewa daji yana bin yawu. Bai taɓa yin magana ba, don shi ma bai tabbata ƙarya ce ba. Har ƴaƴansa ya hana su cin sauran tuwonsa.

Da rani, ruwa ya ja baya, ya cire ƙafar itacen ya hau gora ba da sanin kowa ba. Ƙafa ɗaya ba ta tura gora gaba, sai dai ta juya shi. Ya yi ta kewaya wuri guda, iska tana jan sa zuwa zurfi, har goran ya suɓuce daga ƙirjinsa. Ya sha ruwa, ya yi ihu. Mamman ne ya finciko shi da wuyan riga, yana ta yi masa faɗa. Amma kashegari shi ya kawo masa ɗan guntun katako mai faɗi, ya ce ya riƙa tuƙi da shi a gefen da babu ƙafa, kuma kada ya wuce inda ciyawa ta ƙare.

Haka ya koma su. Kamunsa bai kai rabin na da ba, amma gidansa ba ya kwana babu miya. Sannu a hankali aka manta da raba masa ƙwarya.

Wata damina, yana wanka, yatsansa ya ci karo da ƙullutu a matsematsi. Ya zauna daɓas a bayan gida. Ya daina cin abinci, ya daina zuwa tafki, yana ta laluben wurin ta cikin wando.

Dije ta tare shi a ƙofar ɗaki. "Maigida, mi kake ɓoyewa?"

"Ya dawo," in ji shi. "Yanzu kuma me ya rage su yanke?"

"Ko mi za su yanke, gobe Yaya Musa zai kai ka."

A Maradi Baturen nan ya riga ya koma ƙasarsu. Wani likita baƙar fata ya matsa ƙullutun, ya juya dungun, ya nuna masa inda itace ya goge fata har ta yi ruwa. Ya ce mai yiwuwa wannan ne ya jawo kaluluwar, amma ba zai rantse ba. Ya wanke miki, ya ce a jira a gani. Illo ya yi jiran nan a kan tabarma, ba ya ko son a ambaci sunan ciwon. Kafin a yanke gero kaluluwar ta sace.

Ya ci gaba da su har furfura ta fito masa, da rani a ruwa, da damina a gindin tsamiya. Ciwon bai dawo ba, tsoron kuma bai tafi ba. Ƙurji kaɗan sai ya hana shi sukuni.

Wata rana aka kawo masa wani manomi daga Safo, Shu'aibu, don an ji labarinsa. Shu'aibu ya kwance tsumman ƙafarsa. Illo na jin warin ya ja da baya.

"Baba Illo, yankewa za su yi?"

"Za su yanke," in ji Illo. "Ka tafi yau."

Ya raka jakinsu har bakin hanyar Maradi, ya dawo gida. Ranar bai iya cin komai ba.