Shuɗiyar Wayar Kawu Mai Dalma

Ƙarfe bakwai na safe Kawu Mai Dalma yake buɗe shagonsa, ɗaki ɗaya a bayan gida, wanda in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya tsaya a karkace. Ya jona ƙarfen narka dalma, ya goge gilashin ƙara girma da bakin riga, sannan ya zauna amsa saƙonni. Shi ne mai zane, shi ne mai haɗawa, shi ke naɗe kaya a kwali ya kai gidan waya, kuma in an tashi zagi shi kaɗai ake zaga. Sana'arsa tsofaffin kwamfutoci, irin waɗanda kamfanonin da suka ƙera su ma sun daɗe da rufewa. In allon lantarkin cikinsu ya lalace ba a samun wani a kasuwa, sai Kawu ya zana sabo ya haɗa shi da hannu. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki.

Dangi kuwa bola suke kiran shagon. Duk ranar da aka taru sai ƙanensa ya ce, "Yaya, har yanzu gawa kake yi wa allura?" A yi dariya, shi ma ya yi. Babu wanda ya taɓa tambayar wani malami mai ritaya da ya fito daga bolar yana share ido, rungume da injin da rubuce-rubucen marigayiya matarsa ke ciki.

Amma ba dangi ne suka fi ƙona min rai ba.

Akwai wata mata da ake kira Uwar Zare, mai shagon surfani. Injinta wata tsohuwar kwamfuta ke tuƙa shi, mata bakwai kuma da shi suke ciyar da gidajensu. Da allon kwamfutar ya fara gardama, surukinta ya shiga intanet ya sayo mata wani mai arha, ɗauke da tambarin Kawu. Suna jonawa hayaƙi ya tashi. Surukin bai ko nemi Kawu ba. Ya hau shafin da masu tsofaffin injuna ke haɗuwa ya rubuta cewa tsohon nan macuci ne, kayansa ƙona inji suke. Cikin mako guda saƙonni suka ɗauke. Mutanen da suka shekara goma suna aiko masa da aiki suka yi shiru kamar ba su san shi ba.

Rana ta takwas Uwar Zare da surukinta suka zo da injin a bayan mota.

"Baba, ga aikinka," in ji surukin, ya jefa allon kan tebur. "Ko za ka ce ba tambarinka ba ne?"

Kawu ya sa hannu ya ɗauka. Ya juya allon ya duba bayansa, ya miƙa wa surukin gilashi.

"Ɗana, nemo min shuɗiyar waya a nan."

"Wace waya kuma? Ni ba bakanike ba ne."

"Ai na gani."

Ya ciro allo ɗaya daga nasa ya kifa kusa da wancan. A bayansa ga wata siririyar waya shuɗiya, ba ta kai ɗan yatsa tsawo ba. Ya ce a zanensa na farko ya yi kuskure, ya manta hanya ɗaya ta wuta. Tun daga lokacin kowane allo sai ya liƙa masa wannan waya da hannu, ya bar shi a kunne kwana uku kafin ya aika. Ɓarayin zane hoton gaban allon kawai suka samu a shafinsa. Suka kwafe komai har da kuskuren, gyaran kuma yana baya ba su gani ba.

Uwar Zare ta dubi surukinta. "Arhar taka ke nan? Ka je ka yi wa matan can bayani, ni bakina ya gaji."

Kwana goma sha ɗaya Kawu ya yi a kan injin, yana cire ƙonannun ƙwayoyin lantarki ɗaya ɗaya, ido na ruwa. Da injin ya tashi, maimakon ya huta sai ya ɗauki hoton bayan allonsa ya sa a shafin, da bayanin inda ake liƙa wayar, don waɗanda suka riga suka sayi jabu.

Goggo, matarsa, ta tsaya a bakin ƙofa riƙe da ƙugu. "Wato ɓarawo ya ɗauke maka riga, kai kuma ka bi shi da maɓalli."

"Injunan mutane za su ƙone."

"Sunanka fa? Shi ba ya ƙonewa?"

Ya koma kan aikinsa. Bayan wata biyu jabun ma suka fara zuwa da shuɗiyar waya.

Kawu, kai ne ka tona kuskurenka a gaban duniya don kada injin wani baƙo ya yi hayaƙi. Kai ne likitan abin da kowa ya ce a zubar. Yau matan nan bakwai suna kan kujerunsu, zare na gudu, kuma yawancin masu sa kayan da suka ɗinka ba su san da kai ba. Likita ya ce idonka ba zai ƙara ɗaukar aikin dalma ba, ƙarshen watan nan za ka rufe shago. Mun gode, Kawu. Allah ya saka maka, ya bar maka sauran ganinka. Masu sana'a kuma, in kun yi kuskure ku gyara shi da hannunku, ku faɗa da bakinku, kamar yadda ya yi.

Saura ku da ya taɓa tayar wa inji. Surukin nan ya ba da haƙuri a cikin shago, murya ƙasa ƙasa, mutum uku kawai suka ji. Rubutunsa kuwa har yau yana kan shafin, kuma duk wanda ya nemi Kawu shi yake fara gani: macuci. Na duba da safen nan, babu ko mutum ɗaya da ya rubuta wani abu a ƙarƙashinsa. Kwana tara suka rage ya rufe shago. Injunanku suna aiki, ku kunna su ku rubuta.