Mayafin Romawa a Tashar Toledo

Ka taɓa naɗa mayafin Romawa kai kaɗai?

A tashar motar Toledo, Rhonda mai sayar da kofi tana kallon wani dattijo, littafin koyon Latin a hammatarsa, yana fama da dogon farin yadi. Tana ƙirgawa: sau huɗu yana ɗorawa a kafaɗa, sau huɗu yana zamewa. Da gani malami ne, bikin ɗaliban Latin za shi.

"Baba, motarka za ta tashi fa. Wannan kam ko likkafani!"

Ya murmusa. "Aikin mutum biyu ne, 'yata. Da can matata ke riƙe min gefe."

Rhonda ta zagayo ta kama gefen.

Samo yadi shida ka gwada, ka ga wa za ka kira.