Matar da Ta Mayar Mini da Takardar Kawu

Ƙarfe bakwai take buɗe ɗakin gwajin 'yan wasa. Ta jera kujeru, ta zauna a teburin bakin ƙofa, tana rubuta sunayen masu neman fitowa a fim. Wanda ya riga zuwa shi ke riga shiga wurin darakta. Shekara ashirin da shida ke nan, sunanta bai taɓa fitowa a ƙarshen fim ba. Anti muke ce mata. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma tun da na ji na kasa zama wuri ɗaya.

Da takardar kawuna, abokin darakta, na fara zuwa gabanta. Ta karanta, ta ninke, ta miƙo mini.

"Ɗana, ka haddace abin da za ka faɗa?"

"Ai Kawu ya riga ya yi magana."

"Kawun ne zai tsaya gaban kyamara?"

Na ji haushi, na zagaya ta ƙofar baya, aka ɗauke ni. Fim uku na yi a haka, ina ta ɗaga kafaɗa. Sai Kawu da darakta suka ɓata. Ranar fara fim na huɗu, na tarar da rigar da aka auna a jikina a jikin wani. Wata takwas wayata ba ta yi ƙara ba. Matata ta daina tambayar ina za ni da safe.

Da na koma, Anti ba ta goranta mini ba. Ta rubuta ni na talatin da ɗaya. Na shiga, na faɗi. Sai ta fara tsayar da ni a baranda lokacin hutunta, tana karanta maganar ɗan sanda, ta tsohuwa, ni ina amsawa.

"Sake," in ji ta. "Bakinka na kuka, idonka na tunanin abinci."

A gwaji na biyar na samu fitowa a matsayin direba, magana uku kacal. Daga nan aka fara kirana don abin da na iya.

Mai yi wa 'yan wasa kwalliya ta shaida mini cewa ranar da mai kamfani ya turo 'yar ƙanwarsa, Anti ta sa ta a layi. Shekara guda aka mayar da Anti ɗakin ajiyar kaya saboda haka. Da ta dawo teburin, ba ta sauya ba.

Anti, ke ce ƙofar wanda ba shi da kowa. Abin da ke damuna shi ne wa zai hau kujerarki, kuma me zai yi in manya suka bugo waya. Na gode, Allah ya ƙara miki lafiya. Ku kuma masu riƙe da jerin suna a ko'ina, wanda ya zo da sassafe ba shi da kawu yana kallon hannunku. Ku kira shi a lokacinsa.