Farin Kwano a Gindin Madatsa

Ba wanda zai iya tuna ranar da sunansa na yanka ya ɓace. Yaro da babba Mai Kwano suke ce masa, har jikokinsa. Ba kuwa kwanuka yake sayarwa ba, manomin lambu ne, mai albasa da tumatir da ɗan barkono a gefe. Kwanon ma ɗaya ne tak, fari, na sha, bakinsa ya ɓantare a wuri biyu, ya kuma girmi 'yarsa ta fari.

Madatsar ruwa ce asalin labarin. Shekara talatin da ɗoriya da suka wuce, akwai wani kwari a bayan gonarsa da ruwa yake bi da damina ya wuce, ko sallama babu. Rani na shiga wurin ya bushe ƙamas. Mai Kwano yana da ƙarfinsa a lokacin, ya ce ba zai zuba ido arziki yana wuce shi ta bayan gida ba. Rani biyu ya yi yana jidar jar ƙasa da baro, yana yayyafa ruwa, yana daɓewa da gungume, har ya tare bakin kwarin da bango mai tsayin mutum biyu. Wani tsohon magini ne ya taya shi dasa bututun ƙarfe a ƙasan bangon, da abin buɗewa mai kama da sitiyarin mota. Ranar da maginin zai tafi ya bar masa magana ɗaya.

"Bangon ƙasa ba ya rasa tsiyaya," in ji shi. "Kada ta ba ka tsoro, launinta za ka riƙa dubawa. In ruwan ya fito garau, gumi ne kawai bangon yake yi. Ran da ka ga laka a ciki, to bangon ne da kansa yake fita, cokali-cokali."

Tun daga nan kullum safiya Mai Kwano zai sauka gindin bangon, inda ruwa yake tsattsafowa tsakanin duwatsu biyu, ya tara kwanonsa. Sai ya hau sama ya zauna, ya bar ruwan ya natsu, ya karkata shi wajen rana ya duba. In ya gamsu ya watsar, ya kai wa matarsa kwanon ta wanke ta rataye a ƙusa.

Wurin zamansa ma da tarihinsa. Shekarar da aka gama aikin, matar ta binne ƙwallon mangwaro a kan bangon, don ta samu inuwar ajiye masa abincin rana. Itacen ya girma ya yi rassa, yara suka sha, jikoki suka sha. Shekara huɗu da suka wuce iska ta tsaga shi biyu, aka sare, aka bar kututturen. Shi ya zama kujerar Mai Kwano, har ya yi santsi don zama.

A ƙasan madatsar kuwa, tafiyar taku ɗari biyu, gidan Tela yake, mutum tara a ciki. Tela abokinsa ne tun suna samari, kuma bai taɓa ganinsa ya bar shi ya wuce lafiya ba.

"Kai, Mai Kwano! Yau me boka ya gani?"

"Ya ga wandon da na ba ka tun bara."

"Ka ɗora min tafki a ka, kana kuma neman wando? Ran da ya fashe ai ba wando za ka nema ba, gudu za ka yi."

"Shekara talatin kana faɗa, ko tafin ƙafarka bai jiƙe ba."

Haka suke, su yi dariya, kowa ya kama gabansa.

Abin da Mai Kwano bai gaya wa kowa ba shi ne idonsa ya fara yi masa rowa. Nesa yana gani sarai. Kusa ne abubuwa suka koma kamar an shafa musu man gyaɗa. Ya daina yanke farcensa da kansa, ya ce wai ganda yake ji. Amma kwano, ai ya san kwano. Fari ne jiya, fari ne yau.

A ƙarshen daminar da abin ya faru, madatsar ta cika har wuya. Dashen albasa ya yi mako guda a ƙasa, ya miƙe kore shar, irin wanda bai taɓa samu ba. Ranar nan da hantsi yana zaune kan kututture ya karkata kwano, sai ya ji motsi a bayansa. Matarsa ce, ta hawo tana haki, hannu a gwiwa.

"Lafiya, uwar yara? Ko rana ta yi ban sani ba?"

"Kada ka zubar, Malam. Sa yatsa."

"In sa yatsa a me?"

"A gindin kwanon. Kwana uku ke nan ina wanke shi ina jin abu yana min santsi a hannu. Na ce ko a ƙasa kake ajiyewa. Jiya na leƙo, na ga ba ka ajiye ba."

Ransa ya ɗan sosu. Shekara talatin, yau kuma a koya masa duba kwano? Amma ya tsoma yatsa, ya goga a gindin, ya murza da babban yatsa. Abin ya yi laushi kamar gari.

"Gefen dutse na taɓa da na ɗiba," ya ce.

"To sake ɗibowa."

Ya sauka ya ɗauraye kwanon, ya tara a tsanake, ya hawo. Suka zauna jiran ruwan ya natsu. Ta duba ta ce, "Ja ne, Malam. Kamar an tsoma bulo." Ya sake sauka karo na uku, ba don yana shakka ba, don dai ƙafafunsa sun ƙi zama. A hanyar hawowa ne ta nuna masa ciyawar da ke gangaren bangon, daidai ƙasan kututturen. Ta fi sauran kore, kuma ƙasar wurin tana lotsawa. Ya ɗauki sandarsa ya caka a gefen kujerar tasa. Sandar ta shige har mariƙinta, ba ta gamu da komai ba.

A nan ya gane. Saiwoyin mangwaron sun ratsa bangon tun itacen yana raye, da aka sare shi suka ruɓe a ciki, suka bar wa ruwa hanya. Shekara huɗu yana zaune a kan ɓarnar yana neman ta a kwano.

"Ni na shuka shi," in ji matar, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ni na sha inuwar. Bar wannan."

Ya juya dama, ga albasa. Ya juya hagu, ga rufin gidan Tela, har ana jiyo ƙarar keken ɗinki da kukan jaririn surukar Tela. Zuciya kuwa ba ta rasa shawara. Ta ce masa wata huɗu ne kawai, a cusa buhunan yashi a ramin, a kwashe albasa, sannan a gyara. Bangon da ya yi shekara talatin zai kasa wata huɗu? Wataƙila ba zai kasa ba. Sai dai Mai Kwano ya lura duk lissafin nan da barcin mutum tara yake yin sa, kuma ba wanda ya tambaye su.

Ya miƙa wa matarsa sandar, ya ɗauki kwanon da ruwansa, ya gangara.

"A'a, yau boka da kansa?" in ji Tela, bai ɗago daga ɗinki ba. "Wandonka sai jibi."

"Sa yatsa a nan."

Tela ya dube shi, ya ga ba wasa a fuskarsa. Ya tsoma, ya murza, ya daɗe yana kallon yatsan.

"Yaushe?"

"Ban sani ba. Wataƙila baɗi, wataƙila kafin la'asar. Ku kwaso yara ku dawo gidana. Zan buɗe bututu."

"Albasarka fa?"

"Kai da ka ce na ɗora maka tafki a ka, yau zan sauke, kana kuma ciniki?"

Sitiyarin ya yi tsatsa, sai da su biyu suka kama, suna nishi suna zagin tsufan juna. Kaɗan-kaɗan Mai Kwano ya riƙa buɗewa, don ya san in ruwa ya janye da gaggawa jiƙaƙƙen bango zaftarewa yake yi. Kwana shida ruwan yana bin lambatu yana wucewa ta gefen gidan Tela, ya koma hanyarsa ta dā. Mai Kwano yana tsaye yana kallo, kamar mai rakiyar baƙon da bai so ya tafi ba. Da aka tono kututturen, ramin da aka samu a ƙarƙashinsa ya haɗiye hannun Tela har kafaɗa. Tela bai yi tsokana ba ranar.

Ruwan da ya rage a ƙasan bututu fangali biyu na albasa ya iya riƙewa, da guga. Sauran suka bushe a tsaye. Ranin nan kaf a kan bango suka yi shi, ana tono, ana zuba jar ƙasa, ana daɓe, Tela yana tura baro yana mitar cewa shi da allura aka san shi.

Yanzu in ka bi ta wurin da safe, mutum biyu za ka gani suna gangarawa. Shi yake tara kwanon, ita take dubawa, sannan ya tsoma yatsa don kada a ce bai yi komai ba. A kan bangon ba itace ko ɗaya, sai wani benci da suke hawowa da shi su sauka da shi. Tela kuwa ya samu sabon abin faɗa.

"Sannu, Mai Kwano!" yakan ɗaga murya, yana kallon matar. "Wannan tsohon da ke biye da ke, ɗan dako ne?"