Yaya da Jarrabawar Birbe

Yayata ta bar lakwal, wato makarantar boko, tana aji uku na kolej, shekarar da Inna ta kwanta ciwon ajali. Ba wanda ya ce ta bari. Ta duba gidan ne ta ga babu mai ɗora tukunya, ga mu ƙannenta huɗu, sai ta zuba littattafanta a kwali ta tura ƙarƙashin gado. Ni da take yi wa wanka ta raka lakwal, ni na zama mushe, wato malamin makaranta, ina koyarwa a firamare nan Matameye. Ita kuwa ta yi aure, ta haifi uku, ta samu aikin shara da wanki a ɗakin haihuwa na wani ƙaramin asibiti a hanyar Icirnawa.

Ta fi shekara goma tana wannan aiki. Da sunan shara aka ɗauke ta, amma ido da hannu suka koyi abin da ba a koya musu ba. Ta san macen da za ta sauka lafiya, ta san wadda ya kamata a nema wa mota tun da sauran lokaci. Sai dai ba ta da takarda. Duk sabuwar ungozomar da aka turo, Yaya ce ke nuna mata kan aiki, sannan ta koma ta ɗauki tsintsiyarta.

Wata Juma'a bayan la'asar ta zo gidana, ta zauna a tabarma, ta ce, "Mushe, birbe nake so in yi."

Ba ta ce mini Mushe sai tana son tsokana, don haka na ɗauka wasa ne. Birbe ita ce jarrabawar fita kolej, sai da ita ake karɓar mutum a makarantar koyon aikin lafiya. Na ce, "Yaya, shekarunki talatin da shida fa."

"Na sani. Za ka koya mini, ko in nemi wani?"

Haka muka fara, kwana uku a mako, a zaurena. Takan sauko daga kabu-kabu da ƙurar hanya a ƙafarta, ta wanke fuska, mu zauna. Faransanci ya daɗe da gudu daga bakinta, lissafi kuwa kamar ba su taɓa haɗuwa ba. Mijinta, mai sayar da rake a bakin tasha, cewa ya yi shi bai ga amfanin abin ba, amma washegari shi ya sayo mata kaye huɗu, littattafan rubutu, da biro.

Shekarar farko, mai gadin ƙofar makarantar da ake jarrabawar ya tare ta, ya ce iyaye a waje suke jira. Sai da ta nuna masa takardar shiga. Yara suka yi ta dariya a ɓoye. Ta faɗi, faɗuwa mai nisa. Shekara ta biyu ta kai zagaye na biyu, wanda ake ba waɗanda suka kusa, nan ma ta faɗi.

A shekara ta uku babbar 'yarta ta isa birbe, suka zauna jarrabawa rana ɗaya, ɗaki daban-daban. A nan garin tsayawa ake a filin makaranta, wani ya hau tebur yana kiran sunayen waɗanda suka ci. Da aka kira yarinyar, Yaya ta rangaɗa guɗa har mutane suka waiwayo. Sannan ta gyara mayafi ta ci gaba da saurare. Ta tsaya har mai kiran ya naɗe takardarsa ya sauko.

A hanyar gida na ce mata, "Yaya, ki huta haka nan. Abin da kike nema Allah ya ba ki ta hannun 'yarki."

Muka wuce masu injin niƙa. Sannan ta ce, "Ita nata ta ci. In ka gaji da koya mini ka faɗa, ba laifi ba ne. Amma kada ka ce don ni ka faɗa."

Gaskiya ta faɗa. Na gaji, kuma ina jin kunya, don abokan aikina sun fara tambayata ko ɗalibata ta zaure har yanzu tana nan. Daga ranar ba ta sake zuwa ba, ni ma ban neme ta ba.

Bayan girbin gero na shiga gidanta gaisuwa, na tarar da ita a gindin ɗalbejiya, 'yarta tana tsaye a kanta da gawayi, sun cika bangon madafa da lissafi. Yarinyar ta ja ni gefe ta ce, "Kawu, innata ba ta gani sosai. Dubi yadda take riƙe takarda." Na duba. Ta miƙe hannu da kaye can nesa, ta ƙanƙance ido, tana bin layi da yatsa. Kafin ta gama karanta tambaya ɗaya, wani ya amsa uku. Shekara uku ina zaune gabanta ban lura ba, na ɗauka kai ne ya yi nauyi. Ita ma ba ta taɓa faɗa ba, a zatonta haka rubutu yake wa kowa in ya manyanta.

Mijinta ya bar wa maƙwabcinsa rake, ya kai ta Damagaram aka auna idon, suka dawo da tabarau. Ranar na je na durƙusa na ce ta yafe mini. Ta dube ni ta saman gilashin ta ce, "Tashi. Gobe ka zo, shiftar Faransanci ta fi ƙarfin wannan yarinyar." Muka raba aikin, ni Faransanci, 'yarta lissafi.

A karo na huɗu ma sai da ta je zagaye na biyu. Sunanta ya zo kusa da ƙarshe, har na fara shirya abin da zan faɗa mata. Da aka kira, ba ta yi guɗa ba. Ta zauna a ƙasa inda take tsaye, ta ce a ba ta ruwa. Wata yarinya da suka zauna benci ɗaya ta kawo mata, ta tsuguna gefenta tana kuka, Yaya ko tana shafa mata kai.

Ta tafi makarantar lafiya a Damagaram tana da shekara arba'in, ta zauna wurin wata gwaggonmu. Can ma ba da sauƙi ba, sai da ta maimaita aji ɗaya. Da ta gama aka tura ta wani ƙauye gaba da Kurni. Can take har yanzu, takan zo gida ƙarshen mako tana kukan gwiwa.

Autana a hannunta aka haife shi. Naƙuda ta kama matata da hantsi ranar Asabar, Yaya tana gari, haihuwar kuma ta zo da gardama, yaron ya fito bai yi kuka ba. Ina tsaye a ƙofa ina jin muryarta, a natse take gaya wa kowa abin da zai yi. Da kukan ya tashi, ta leƙo da gumi a goshi ta ce, "Namiji ne, uwar lafiya. Ka daina tsaya mana a hanya, je ka gaya wa mutane."